Jitar farko da amf: wanne zaka saya in kana Kaduna kuma kuɗin ba yawa

Yawancin masu son fara koyon jita tambayarsu ta farko ita ce wane kamfani ne yafi kyau, Yamaha ko Fender ko me. Ni dai a ganina ba daga nan ake farawa ba, musamman in a Kaduna kake zaune. Abu biyu ne ke raba gardama tun kafin a zo kan suna, yanda jitar ke zama a hannunka, da kuma halin da wutar layinku take ciki. Wanda ake barwa wuta sosai lissafinsa daban, wanda kuma sai a kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba shima nasa lissafin daban ne. Farashi kam ba zan rubuta ba, tunda aka saki Naira a 2023 kayan kiɗa dala suke bi, abinda mai shago ya faɗa maka yau ba lallai shi zai faɗa maka ranar Asabar ba.

Toh bari mu fara da jitar kanta. Iri uku ne ke gabanka: akwastik mai tsirkiyar ƙarfe, wato ta katako mai rami a ciki, sai mai tsirkiyar nailon, sai kuma ta lantarki wadda sai da amf take magana, wato akwatin sifikar da ke ƙara mata murya.

Akwastik mai ƙarfe ita ce wadda aka fi gani a hannun mutane, kuma in ana maganar mai araha da za a iya yarda da ita, Yamaha F310 ce ke fara zuwa baki, sai Cort AD810 a bayanta. Daɗinta shine ba ruwanka da wuta, ba amf, ba kebul, ka ɗauka ka zauna ƙarƙashin bishiya ka kaɗa abinka. Amma akwai abinda masu shago basa gaya wa sabon shiga. Tsirkiyarta tana da kauri, yawanci da lamba 12 take zuwa, makonnin farko bakin yatsunka na hagu zasu yi ja suyi zafi kafin suyi kanta, kuma a nan ne mutane da yawa ke jingine ta bayan ƙofa shikenan an gama. Jikinta ma babba ne, yaro ɗan firamare ko mace mai ƙaramin jiki sai ka ga suna rungumarta da ƙyar. Sannan bata da wajen rage murya. In gidan haya kake, ɗakinka na jikin ɗakin maƙwabci, ko kuma Baba bai cika son jin kiɗa a gidan ba, toh bayan isha'i sai dai ka kalle ta.

Mai nailon, irin Yamaha C40, ita ce mafi tausayin yatsa. Sautinta a sanyaye yake, ya dace da mai son tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya da yatsu. Inda take da wuya shine wuyanta faɗi gare shi, wajen milimita 52 daga sama, alhali na F310 milimita 43 ne, kaga mai gajerun yatsu zai sha miƙa kafin ya kama wasu kod ɗin, wato danna tsirkiyoyi da yawa lokaci ɗaya su bada sauti tare. Akwai ƙaramarta CS40 da aka yi domin yara. Dan Allah in ka sayi irin wannan kar wani ya ruɗe ka ka ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe wai don tafi ƙara, ba a gina ta don ɗaukar wannan jan ba, gadar da ke riƙe tsirkiyar zata ɗago ko wuyan ya lanƙwashe.

Sai ta lantarki. Akwai wata magana da ke yawo wai dole ka fara da akwastik domin yatsunka suyi ƙarfi kafin ka koma lantarki. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. In abinda ya ja ka zuwa jita shine irin kiɗan Buzayen Agadas da na Mali, ko jitar da ke jan waƙa da kake ji a coci ranar Lahadi, ko hailaif, toh ka sayi ta lantarki kai tsaye, domin akwastik ba zata taɓa baka wannan sautin ba kuma zaka gaji da ita. Ta lantarki ma tafi sauƙin dannawa, tsirkiyarta siririya ce lamba 9 ko 10, kuma tana kwance kusa da wuya. Wani abun da mutane basa lura dashi, in baka jona ta ba muryarta ƙasa-ƙasa ce sosai, zaka iya atisaye ƙarfe ɗayan dare wanda ke ɗaki na gaba bai sani ba. Matsalarta ɗaya ce, kuɗin kashi biyu zai rabu, jita da amf, ga kebul.

A cikin na lantarki masu sauƙin kuɗi huɗu ne zaka fi cin karo dasu, sababbi ko tokumbo: Yamaha Pacifica 012, Squier Stratocaster, Epiphone Les Paul Special II, da Ibanez GIO. Squier ƙaramin sunan Fender ne, Epiphone kuma na Gibson, wato dai kamfanonin ne da kansu ke fitar da mai rahusa, ba jabu bane. Kafin ka zaɓa sai ka gane fikof, waɗannan maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti. Akwai siriri guda ɗaya, singil koyil, sautinsa garau yake da kaifi, shine wannan ƙarar mai ƙyalli da ake ji a kiɗan hamada da hailaif. Akwai kuma mai faɗi, hambaka, wanda koyil biyu ne aka haɗa, sautinsa yafi kauri da nauyi. Inda abun ya shafe mu anan shine singil koyil yana kwasar hayaniyar lantarki, ka jona shi lokacin da janareta ke aiki ko kusa da wata cajar waya mai araha sai kaji zzzz a amf ko baka taɓa komai ba. Hambaka kuwa dama don kashe wannan ƙugin aka ƙirƙiro shi.

Squier Strat ta asali singil koyil uku gare ta. In wannan sautin kake nema babu kamarta a wannan kuɗin, kuma a yawancinsu in ka ajiye makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4 ƙugin yana raguwa sosai domin fikof biyu ne ke aiki tare. Akwai jerin Sonic, wanda ya maye gurbin Bullet a 2023, sai Affinity da ke sama dashi kaɗan. Les Paul Special II hambaka biyu ce, ba ƙugi, tsawon tsirkiyarta daga kai zuwa gada ya ɗan fi gajarta, inci 24.75 maimakon 25.5 na Strat, don haka tsirkiyar tafi laushi a hannu, amma in kana son wancan sauti garau ɗin zaka ji ta ɗan toshe. Ibanez GIO siririn wuya gare ta, 'yan rok ke sonta, ban da wani abun cewa a kanta da ya wuce haka.

Pacifica 012 ita ce ni zan nuna wa ƙanina. Dalili, singil koyil biyu ne da hambaka ɗaya a wajen gada, makunni mai matsayi 5, kaga ka samu duka biyun. Ranar da wuta ke da tsabta ka kaɗa garau, ranar janareta ka koma kan hambaka ka huta da zzzz. Kuma aikin Yamaha a ƙananan jitoci ba ya cika bambanta daga wannan zuwa waccan, wanda hakan ba ƙaramin abu bane in daga nesa zaka yi oda baka taɓa da hannunka ba. In kuɗinka ya kai Pacifica 112V toh ita tafi, katako da fikof ɗin duk sun fi, amma ba dole bane ga mai farawa. Sandar nan da ake maƙalawa a gada ana lanƙwasa sauti da ita, wadda ke zuwa da Pacifica da yawancin Strat, cire ta ka jefa cikin jaka. A jita mai araha wasa da ita yana kwance saitin tsirkiya ne kawai, kai da ko kod uku baka gama kamawa ba.

Jabu fa suna nan da yawa. In ka ga an rubuta Gibson ko Fender ɓaro-ɓaro a kan jita sabuwa fil kuma kuɗinta bai wuce na ƙaramar waya ba, ba sa'a kayi ba. Gibson na gaske a Amurka ake ƙera shi kuma kuɗinsa ba na mai koyo bane. Akwai kuma marasa suna 'yan Chana, waɗannan ba duka ne marasa kyau ba, wata sai ka riƙe kaji daɗinta wata kuma ko kyauta aka baka cuta ce, don haka irinsu ba a sayensu sai an gwada.

Gwajin nan shine ainihin maganar, yafi sunan kamfani muhimmanci. Ka shiga shago da katin ATM guda uku a aljihu, naka da na abokai. Kaurin kowanne kusan milimita 0.76 ne. Je ka firet na 12, firet sune ƙarafunan nan da aka jera a kan wuya, na 12 shine inda yawanci ake sa ɗigo biyu, sai ka zura katunan tsakanin saman ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. A ta lantarki kati biyu zuwa uku ya kamata su cike gurbin. A akwastik uku, ko uku da ɗan sarari kaɗan. In ka zura uku kaga har yanzu akwai wajen da wasu biyu zasu shiga, wannan jitar zata wahalar da kai, kuma zaka ɗauka kai ne baka da baiwa alhali kayan ne. Bayan nan ka ɗaga ta ka saita idonka daga kai zuwa ciki ka duba wuyan, ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki a gyara, amma in wuyan murɗewa yayi gefe ɗaya yafi ɗaya tashi, ajiye musu kayansu. Ka danna kowane firet a kowace tsirkiya kaji ko akwai inda ke zizara ko sautin ya mutu. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu, in ƙarafunan na karce ka ka lura. Ka sauke manhajar saita tsirkiya a wayarka, irin GuitarTuna, ka saita, sannan ka danna firet na 12, harafin da ta nuna lokacin da ka kaɗa tsirkiyar baka danna komai ba shi ya kamata ta sake nunawa, allurar na tsakiya ko dab da ita. A ta lantarki in ya kauce ana gyarawa da sukundireba, a akwastik kuwa aiki ne babba. In akwastik ce tokumbo, ɗauki 'yar takarda ka gwada zura ta ƙarƙashin gadar daga baya, in ta shige toh gam ya fara saki. In ta lantarki ce a jona maka ita, ka juya kowane maɓalli, ka girgiza kan kebul ɗin a raminsa kaji ko yana ƙaraf-ƙaraf. Mai shago zai iya ɗaure fuska, bar shi ya ɗaure, kuɗinka ne. In da hali kaje da wanda ya iya, ko mai kiɗan cocinku ko wani ɗan situdiyo, ka saya masa lemo.

Sai maganar hunturu, wadda masu bidiyon Turai basa yi domin ba irin yanayinmu gare su ba. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna bushewa take ƙayau, leɓe ma tsagewa yake balle siririn katako. A nan araha tayi rana, domin F310 da C40 fuskarsu katako ne mai hawa-hawa da aka manne, yafi jure bushewa akan katako guda na jitoci masu tsada, wanda shi ne ke saurin tsagewa. Don haka kar ka ƙara kuɗi wai sai mai katako guda a jitarka ta farko. Ta lantarki ita jikinta kututture ne, ba abinda ke samunta sai dai wuyan ya ɗan motsa ko bakin firet su leƙo. Ko wacce ka saya a jaka zata riƙa kwana, ba jikin taga ba, kuma kar a barta a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu. In akwastik ce, ka jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu mai huji ka ajiye cikin jakar. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, ka goge tsirkiya da tsumma duk sanda ka gama.

Yanzu amf. Kafin komai, in tokumbo ne juya bayansa ka karanta abinda aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amf ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka in ka soka shi a soket ɗinmu kai tsaye, ƙauri kawai zaka ji. Sai da sitef-dawun, na'urar rage ƙarfin wuta, wanda ƙarin kuɗi ne da ƙarin kaya. Wanda ya fito daga Ingila ba wannan matsalar, wutarsu ɗaya da tamu har filoginsu mai ƙafa uku. Na biyu, gidaje da yawa wayarin ɗinsu ba at, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa, shi yasa wani zai ce jitarsa na ɗan jansa in ya taɓa tsirkiya, ko ƙugi yaƙi ƙarewa. Wannan ba abun wasa bane, in kaji ja ka cire ka kira mai gyaran wuta.

Wannan ne yasa ga mai koyo a ɗaki nafi karkata ga amf mai batir. Blackstar Fly 3 wat 3 ne, sifika inci 3, batir AA guda 6, yana da eko a jikinsa, kuma abinda ke fita daga ɗan akwatin nan yafi ƙarfin girmansa. Boss Katana Mini wat 7, sifika inci 4, shima AA guda 6, ya ɗan fi cika ɗaki kuma wajen daidaita sautinsa yafi yawa. NUX Mighty Lite BT kuma abinda ya burge ni dashi shine yana cin wuta daga fawa bank, abinda kusan kowa ke dashi a gida yanzu. Dukkansu suna da ramin hedifon da wajen shigar da kiɗa daga waya kabi. Da yake ba a jone suke da bango ba, babu ja, babu tsoron wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona maka kaya, ƙugin ma ya ragu sosai. Ka sayi batir masu caji tun farko in ba haka ba kuɗin batir zai ishe ka. Akwai ma wanda ba sifika sam, Vox amPlug, ana soka shi a jikin jitar a sa hedifon, batir AAA biyu, ga ɗalibin da ke hostel a Kadpoly ko KASU wannan ma ya wadatar.

Masu jonawa a bango kuma, waɗanda aka fi samu sune Fender Frontman 10G da Marshall MG10, duk wat 10 ne da sifika wajen inci 6. Frontman in ka bar shi a sauti garau ba laifi, amma da ka danna maɓallin distoshan, mai sa sauti yayi kaushi irin na rok, sai ya koma kamar ƙudan zuma a gwangwani. In kana da wuta ko sola da inbata a gida kuma kuɗin zai kai, tsallake su ka nemi Fender Champion 20 ko Mustang LT25, su sifikarsu inci 8 ce, sautuka kala-kala a ciki, ba sai ka sayi fedal, ɗan akwatin canza sauti da ake takawa da ƙafa, ba nan kusa. Kar lambar wat ta ruɗe ka, wat 20 ba ninkin ƙarar wat 10 bane, kafin kunne yaji ƙara ta ninka sai wat ya ninka kusan sau goma. Girman sifika yafi tasiri akan yanda sautin ke cika.

Wanda niyyarsa nan da wasu watanni ya hau kiɗa a coci ko wajen biki tare da mai ganga, duk waɗannan ƙananan ba zasu fitar dashi ba, ganga zata haɗiye su. Shi Boss Katana 50 ya dace dashi, sifika inci 12, kuma yana da makunnin da ke sauke shi zuwa rabin wat don atisaye a ɗaki. Amma kafin ka kashe wannan kuɗin tambayi shugaban mawaƙanku, sau da yawa cocin na da amf ɗinta ko kuma ta miksa ake bi, kaga kai ƙaramin na gida kawai kake buƙata.

Wasu kan tambaya ko zasu iya amfani da sifikar nan mai caji mai taya da ake tallan magani da ita, tunda wasu suna da ramin jita. Zata yi magana, kuma in akwastik mai jonawa ce ma ba laifi, amma ta lantarki a ciki sautin a bushe yake fita ba daɗi. In ita ke gare ka fara da ita kafin ka tara na amf. Abinda dai ba a yi shine jona jitar bes a ƙaramin amf ɗin jita, sifikar zata yage.

Kwalin nan da ake haɗa komai a ciki, jita da amf da jaka da kebul da madauri, yana da jan ido domin kuɗin ya kan yi ƙasa. In na Squier ne ko Yamaha ko Epiphone, toh jitar ciki ta kirki ce, amf ɗin ne dai sama-sama. In kuwa marar suna ne, araha bata ado, yawanci kebul ɗin ne ke fara mutuwa sai amf ya bi shi. Ni yanda nake raba kuɗin, kusan kashi biyu cikin uku su tafi kan jita, ragowar a raba tsakanin ɗan amf da tarkace, kebul mai kyau guda ɗaya, jaka mai soso, fik wato 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, da fakitin tsirkiya na ajiya domin siririyar ƙasan nan bata sallama kafin ta tsinke. Amf zaka iya canzawa baɗi, amma jitar da ke cizon hannu ba zata bari ka kai baɗin ba. In kuɗin gaba ɗaya bai kai na lantarki da amf ba, gara F310 mai kyau a sa mata tsirkiya lamba 10 a sauke mata gada, da ka sayi jabun Strat da jabun amf.

Bahago kuma ya tsaya yayi tunani tun yanzu. Jitar hagu tana wahalar samu a nan kuma zaɓin kaɗan ne, duk da akwai manyan makaɗa irin Mdou Moctar na Nijar da da hagu suke kaɗawa. In baka taɓa riƙe jita ba gwada ta dama tukuna na ɗan lokaci, hannu biyun duk aiki suke, in abun yaƙi sai kayi odar ta hagu.

Wajen saye, ka fara zagaya masu kayan kiɗa da na sauti a cikin gari, wajen Ahmadu Bello Way da kewayen babbar kasuwa, da kuma ɓangaren kudu inda coci-coci suka fi yawa, ko don ka riƙe jitoci daban-daban kaji bambancinsu a hannunka. In babu irin wadda kake so, Abuja ba nisa ta jirgin ƙasa daga Rigasa, kaje ka gwada ka dawo da abarka. Na Jiji da Facebook in mai kayan a Kaduna yake ku haɗu a wajen da mutane suke, ka tafi da katunanka da ɗan amf mai batir ko na aro ne. In kuma daga Alaba ta Legas za a yi maka wayabil, kar ka tura kuɗi akan hoto, a yi maka bidiyo ana danna firet ɗaya bayan ɗaya, a nuna maka lambar da ke bayan kan jitar da rubutun bolt na bayan amf, sannan ka ce a sassauta tsirkiyoyin a cusa takarda ko tsumma a kewaye kan da wuyan kafin a rufe kwalin, domin a mota buhu ake ɗorawa akan kaya ba ruwan yaran tasha da abinda ke ciki.